Binciken Dakta Natsuwa a Bakin Get

Duk faɗin Sharada, ka haɗa da Challawa da Bompai, ba a taɓa yin masanin ƙwaƙwalwar ɗan Adam kamar Alhaji Dakta Muhyiddeen Ado ba. Shi da bakinsa ya tabbatar da haka, kuma ai babba ba ya ƙarya. Digirin daktan nasa daga Kwatano ya zo da shi a jaka, tare da turare da atamfofin Hajiya. Da kamfanin buta da bokiti ya buɗe Sashen Lafiyar Ƙwaƙwalwar Ma'aikata, wa za a ba in ba shi ba? Ƙanen matar mai kamfani ne, amma wannan dacewa ce kawai. Leburori suka laƙa masa Dakta Natsuwa, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce, har ya sa aka rubuta a allo aka kafa a ƙofar ofis.

Ma'aikaciyar sashen ɗaya ce tal, wata nas, Sista Saudat. Ɗan ɗakinta yana bayan sito, nan irin su Gwadabe mai injin narka roba suke laɓaɓowa lokacin cin abinci. Tun ranar da injin ya cinye hannun abokin aikinsa a gabansa, Gwadabe bai ƙara barcin kirki ba, kuma a ɗakin nan kaɗai yake iya faɗin damuwarsa. Saudat ta roƙi Dakta ya nemo ƙarin nas da magani, don masu kamfani sun kusa zama kan kasafin baɗi, kuma ana raɗe-raɗin za a rage sassa.

"Sista, shugabanci ba roƙo ba ne, bincike ne," in ji Dakta. "Mu a Turai sai da hujja muke magana." Bai taɓa zuwa Turai ba, amma ya sha yin niyya.

Washegari ya ɗora farar rigar likita a kan babbar riga, ya tsaya bakin get yana gaisawa da duk mai shigowa.

"An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

Wanda ya tako a ƙafa daga Zawaciki ya ce ba gajiya. Wanda aka kora daga gidan haya ya ce iyali kalau. Gwadabe ya iso ido jajur, ya rusuna ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Dakta ya dafa kafaɗarsa ya ce shi ke nan, an warke. To a Kano ko wanda ake ƙara wa ruwa a gadon asibiti ka gaishe shi, lafiya lau zai ce maka. Dakta ma a Kano aka haife shi, ilimi ne ya yi masa yawa har ya manta.

Ranar zama ya miƙe gaban masu kamfani, zuciyarsa tana kan sabuwar mota.

"Iyayena, na binciki ma'aikatanku ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin jagorancina babu mai damuwa, babu mai gajiya. Ko a Turai ba a taɓa samun haka ba."

Mai kamfani ya gyara hula. "Wato babu marar lafiya?"

"Ko ɗaya, Alhaji."

"Madalla. To sashen kuma me zai yi?"

Aka yi masa tafi, aka rufe sashen. Kafin la'asar an sallami Saudat, an loda bokitai a ɗakinta, direba ya karɓe makullin tsohuwar motar ofis.

Dakta na tsaye bakin get yana jiran adaidaita, allon sunansa a hammata, sai ga Gwadabe, wanda ya je bayan sito ya tarar da bokitai har rufi. Ya rusuna kamar kullum.

"Ranka ya daɗe, lafiya dai?"

Idon Dakta ya ciko. Abin faɗa ya taru masa har maƙogwaro. Ya buɗe baki.

"Lafiya lau," in ji shi.

"Ni ma haka," in ji Gwadabe.