Ciyawarmu Ta Zama 'Yar Ƙasar Waje

Jama'a, ranar Litinin na hau tarakta na nufi rumbun ƙungiyarmu ta manoma in ɗebo wa shanu busasshiyar ciyawa, kamar yadda na saba tun ina da gashi a ka. Ina isa gada sai na tarar an gitta sanda, ga kuma Dushan, ɗan yayan matata, ya sha hular kwastan har ta rufe masa kunne.

Ya ce, "Kawu Vendelin, ina takardar fitar da kaya ƙasar waje?"

Na ce, "Wace ƙasar waje, ɗan nan? Ga rumbun can, ni na buga masa kwano."

"Rumbun yana Slovakiya, Kawu, garken yana Cek. Ciyawar kuma tana cikin dukiyar da ake taƙaddama a kanta."

Haka na juyo wayam cikin ƙanƙara, ina dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. Tun da aka raba ƙasarmu gida biyu, Cek da Slovakiya, iyakar ta bi rafin da ya ratsa gonar ƙungiya: bakin da zai ci a nan, abincin a can. Bashin da ƙungiya ta ci ta sayi injin tatsar madara kuwa ya zama maraya, kowane ɓangare ya ce bai san ubansa ba. Banki ya ce ko a biya shi kuɗinsa ko ya kwashe shanun, su ne kuma albashinmu kaf.

Amma kada ku damu, Masu Girma Iyayen Sulhu na ƙasashen biyu suna kan aiki. Sun tare a wani otal mai wankan ruwan zafi, suna gasa ƙashi saboda mu. Allah ya ƙara musu juriya. Na ji an ce har sun cim ma matsaya ɗaya: otal ɗin da za a yi zama na gaba.

Da na hango Imrich, uban Dushan, a tsallaken rafi, sai ya ɗaga murya ya ce, "Mijin ƙanwata, madarar nan fa tamu ce, ciyawarmu ce ta rikiɗa."

Na ce, "Kashin ma ciyawarku ce ta rikiɗa, yaya. Turo mota."

Ranar Lahadi Masu Girma suka zo ganin injin da idonsu, motoci jere kamar rakiyar amarya. Kafin a ce me, an kayar musu da maraƙinmu mafi ƙiba. An ba kura ajiyar nama ke nan. Shugaban namu ɓangaren, ransa ya daɗe, ya leƙa garke da hankici a hanci, ya tambaya ko kukan da shanun ke yi na murna ne.

Matata Bohumila ce ke tatsarsu. Ta jira aka zauna cin nama, ta zare sakatar garke. Shanu da yunwa ba sa neman ɗan jagora. Suka miƙe hanyar gada a guje, mu muna binsu, tsofaffi da tsofaffi, muna zamewa muna ƙyaƙyata dariya.

Dushan ya tare gaba yana ɗaga hannu. Bohumila ta ce, "Kai, ni na wanke maka ɗuwawu. Ɗaga sandar nan."

Ya ce, "Gwaggo, me zan ce wa na sama?"

"Ka ce ziyarar dangi suka zo."

Dushan ya ce dokar da aka ba shi ta hana ciyawa fita ne, ba ta hana kowa zuwa gaishe ta ba. Ya ɗaga sandar. Imrich da kansa ya buɗe rumbu. Yanzu kullum shanu sukan ƙetara su ci, su dawo gida a tatse su, madarar muna rabawa da su Imrich, kowa na sa wa banki abin da ya samu, shi kuma ya sassauta murya.

Jiya rediyo ya ce Masu Girma sun warware rikicin ciyawa bayan doguwar tattaunawa, za ma a ba su lambar yabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuɗin otal ɗinsu kuma an ɗora wa ƙungiya, rabi mu, rabi su Imrich. Ashe dai sun iya rabo.