Rasuwar Mai Buta, Na'urar Gem ta Shagon Maharazu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai wanda har yanzu hularsa na bisa, ni Maharazu mai kayan babur na bakin tasha a Illela nake sanar da 'yan uwa da abokan zama, na nan gida da na Konni, rasuwar na'urar gem ɗina wadda kowa ya sani da Mai Buta. Ta cika ran Talata bayan la'asar, tana bakin aikinta, ana tsakiyar wasan ƙwallo. Tsakiya na ce. Duk wanda ya ce muku ƙarshe ne, ku tambaye shi ko ya ji alƙalin wasa ya busa.

Marigayiya ba 'yar garin nan ba ce. Gwanjo na sayo ta a Konni, ta riga ta sha duniya a hannun wasu. Ta zo da Faransanci a bakinta, kuma har ta bar mu ba ta yarda ta koyi wani yare ba. An danna nan, an danna can, a banza. Ranar da munka fara kunna ta, ƙwallo na shiga raga sai mai sharhin da ke cikinta ya kwarma, "Buuuut!" Lawwali mai shayi na tsaye bakin ƙofa, ya ruga ya ɗauko buta ya miƙo. Sai da Muhyiddeen ɗan canji, wanda ke wuni da sefa da mutanen ƙetare, ya gama riƙe ciki don dariya, sannan ya faɗa muna haka suke cewa an ci ƙwallo. Daga ranar sunan ya bi ta.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai rufin asiri. In ka kunna ta sai ta ce "tiit", ta ɗan yi "fuuu" kamar tsohuwa na hura wuta, shi ke nan ta tashi. Ka ba ta faifai ta haɗiye. In faifan ya karce ka goge shi da bakin riga, ta karɓa ba gardama. Ba ta taɓa tambayata data ba. Ba ta taɓa cewa wata ya ƙare a biya ba. Lokacin da anka rufe iyaka, kasuwa ta kwanta, magidanta sunka rasa inda za su sa kansu, ita ta riƙe mu a kan benci guda, muna zagin juna cikin lumana har a kira salla.

Irin wagga na'ura ba a yin ta yanzu. Ɗiyata Farida ta nuna mini sababbin a waya, farare tas, tsaye kamar ginin banki. Wasu ko bakin sa faifai ba su da shi. Na'ura ba baki, ta ina za ta ci? Ka saye ta kuɗin bijimi, ka sake sayen wasan da ba za ka taɓa riƙe shi a hannu ba, sannan ka zauna jiran ya sauko daga sama. A Illela kuwa, inda in ka tsaya ƙofar shagona waya ta ce kana Nijeriya, ka shiga ciki ta yi maka maraba da zuwa Nijar. Bayan haka wai duk wata sai ka biya, don ka buga da wani wanda ba ka ganin fuskarsa. To in ka ci mutum ba ka ga fuskarsa ba, mi ka ci? Ƙwallon ma guda ce, duk shekara su canza wa 'yan wasa riga su sake sayar maka. Kuma Farida ta ce masu ƙera wasannin ma, korar ma'aikata suke ta yi. An ƙara kuɗi, an cire baki, an kori masu aiki, wai an ci gaba.

Ciwon ajalinta zafi ne. Ta daɗe da shi. Duk bazara jikinta sai ya ɗauki zazzaɓi, 'yan wasa su sandare a fili ƙafa na sama. Maganin da nake mata shi ne wanda iyayenmu ke yi wa randa. In jiƙa buhun garara in naɗe ta, iska ta buga, ta dawo hayyacinta. Shekara da shekaru haka muke, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Sai ran Talatar nan. Taubashina Badaru, ɗan gwaggona, dillalin shanu a kara, mutumin da bara waccan yake riƙe hannun gem kamar zai tatsi nagge, ya shigo da bakinsa. Gaban Muhyiddeen da Lawwali munka ƙulla cewa wanda anka ci zai ratsa kasuwar Lahadi tun daga 'yan albasa har kara ba hula a kansa. Shi mi zai rasa? Suma gare shi kamar ɗan rago. Ni kuwa abin da ke ƙarƙashin hulata tsakanina ne da wanzami, shi ma ya daɗe bai samu aiki a wurin ba.

Na ba shi hannun nan mai jan hagu, wanda nake ba baƙi don girmamawa. Munka fara. Marigayiya ta ce, "Buuuut!" Jim kaɗan ta sake. Sannan ta sake na uku, da wata murya mai tsawo mai ban tausayi. Ban musa ba, duka ukun a ragata sunka faɗa. Amma ni a lokacin ba raga nake kallo ba. Na kai hannu na taɓa jikinta, na ji shi rau. Jama'a, ku yi mini adalci. Mara lafiya na kwance gabanka, jiki kamar garwashi, ta kira buta har sau uku. Wane mai imani ne zai hana ta? Na miƙe na ɗauko buta don in ƙara jiƙa buhun. Hannun mai tashin hankali kuwa ba shi da mudu. Ta ce "tsss", ɗan hayaƙi ya tashi, talabijin ya yi baƙi. Kalmarta ta ƙarshe ke nan.

Badaru na yawo a kara yana cewa kashe ta na yi, wai ko jaririn Illela ya san ma'anar "Buuuut". Ni ban yi makarantar Faransanci ba. Ta Hausa ma aji uku na tsaya. Abin da kunnena ya ji shi na kawo.

Ta rasu ta bar hannuwa biyu, lafiyayyen da ke naɗe da salatif da gurgun mai jan hagu. Ta bar talabijin wanda tun ranar bai ce komai ba, da faifai cikin ledar burodi, da janareta abokin wahalarta, da benci, da marayu masu gemu da ba su san inda za su zauna bayan la'asar ba. Ta kuma bar wasa guda wanda ba a gama ba. Wasan da ba a gama ba kuwa ba a ci kowa ba.

Badaru ya nemi a ba shi gawar ya kai wa wani mai gyara a Konni, a tashe ta, a ci gaba daga uku da nema. Iyalan marigayiya, wato ni, sun zauna sun ƙi. Ba a tsallaka iyaka da gawa, kuma ba a jinkirta sutura. Yanzu ya koma cewa zai sai da bijimi ya sayo sabuwar nan marar baki. Ɗan gwaggo, sayo, Allah ya ba ka ciniki. Kafin ta gama sauko da ƙwallon a Illela gashina ya tsiro.

Za a rufe ta gobe da hantsi a bayan shago, kusa da matattun batura, cikin kwalin fulogi. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce, ba mu haukace ba. Zaman makoki a kan benci, shayi na Lawwali, kowa ya biya nasa. Za a ɗaga zaman ran Lahadi don mai makoki zai ratsa kasuwa tun daga 'yan albasa har kara, da hularsa a kai, yana karɓar gaisuwa.

Masu zuwa kar kowa ya wahala da kawo buta. Akwai.