Warin Kifi da Turaren Abu Mazin

Duk Maskat, babban birnin Oman, babu mai hanci irin na Hilal bin Marhun, wanda muke kira Abu Mazin a gabansa, Sarkin Hanci a bayansa. Daga bakin ƙofa zai shinshina turarenka ya faɗa maka asalin kakanka. Allah ya yi masa baiwa, shi kuma ba ya rowar sanar da mutane.

A gidansa kaskon turaren wuta ba ya hutawa. Lubban da safe, itacen ud bayan gahawa, a zagaya da shi kowane baƙo ya turara gemu. Tagogi kuwa a rufe ruf, kada ƙamshi ya tsere wa maƙwabta a banza.

Matarsa Zuwaina tana da asma. Da an zuba garwashi sai ƙirjinta ya kama fito, ta dafe bango tana laluben abin shaƙarta. Abu Mazin, da yake mutum ne mai tausayi, ya gano masu laifi nan da nan. Ya kori kyanwa. Ya sa aka toshe ƙasan ƙofofi saboda ƙurar titi. Da abin ya ƙi, ya ƙara lubban don a tsarkake iska.

Ranar da ciwon ya tsananta aka kwashi Zuwaina sai asibiti, likita ta yi masa bayani cewa hayaki ne ke kumbura hanyoyin numfashinta, su tsuke, majina ta toshe ɗan abin da ya rage. Ya gyara zaman wuƙar ɗamararsa.

"'Yata, hayaki na talaka ne," in ji shi. "Nawa ƙamshi ne. Je ki tambayi ubanki."

Ni dai na ji haushi, don na ga leɓen baiwar Allah Zuwaina ya yi shuɗi. Amma wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Da aka sallame ta, Zuwaina ta zarce gidan yayanta a unguwar Matrah, jikin kasuwar kifi, inda tagogi ke buɗe wa teku. Sarkin Hanci ya bi majalisu yana jajanta yadda 'yar mutunci za ta rayu cikin ƙarni. Daga bisani ya aika biko, da kyauta mafi daraja da ya sani: akwatin ud.

Akwatin ya dawo ko buɗe shi ba a yi ba, da saƙo a bakin yayan nata.

"Ta ce a gaishe ka, Abu Mazin. Ta ce warin kifi bai taɓa kai ta asibiti ba."