Ranar da Na Rina Gemun Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na mayar da mahaifina saurayi ba, a daidai lokacin da tsufa ne kaɗai zai yi masa rana.

Zamanin soja ne, magani ya yi tsada, ni kuma ban daɗe da samun aikin akawu a Minna ba. Baba tela ne a unguwarmu ta Shango, amma yanar ido ta fara rufe masa gani, har sai an zura masa zare a allura. Likita ya ce aiki za a yi, kuma kada a ja lokaci. Albashina ko kusa bai kai ba. Sai muka ji gwamnati za ta yi wa tsofaffi rajista, duk wanda ya samu kati za a duba shi kyauta.

Maimakon in yi murna in yi shiru, sai girman kai ya motsa. A ofishin da za a yi rajistar akwai waɗanda suka san ni (mutum biyu ne, ɗayan ma masinja, amma a raina rabin gwamnati ne). Ban so a ga uban akawu a yamutse. Na aro babbar riga, na goge masa takalmi, na sayo baƙin rini a kasuwa.

"Malam Akawu, aure za ka yi mini?" in ji Baba.

"Gaban hukuma za mu je, Baba. Ba a shiga haka nan."

Ya miƙo mini gemu. Na rina gemu, na rina saje, har gira ban bari ba. Da na gama na ja baya ina yaba aikina.

Abin da ban sani ba shi ne, tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa (Baba dai ya san da damina aka haife shi), don haka da ido ake yanke shekaru. Wata malamar asibiti ce zaune bakin ƙofa, ta kalli mutum ta ce ya shiga ko ya koma. Tsofaffin Beji da Chanchaga sun fi ni sanin gari. Kowa ya zo da tsohuwar rigarsa da sandarsa, furfura fari fat. A tsakiyarsu ga Baba yana sheƙi kamar ɗan kwangila.

Da layi ya zo kanmu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Alhaji, wannan na tsoho ne. Kai ba ka kai ba."

Na ce wallahi ya haura saba'in. Ta ce kowa haka yake faɗa. Na ce rini ne. Wani dattijo a bayanmu ya ce, "To wa ya aike shi?" Layi ya ɗauki dariya.

Nan hankalina ya gudu. Na ciro hankici na jiƙa da yawu, na kama gemun mahaifina a gaban jama'a ina dirza. Rinin ya ƙi fita (mai shagon bai cuce ni ba, mai kyau ya ba ni). Da na ga haka sai na ji bakina yana cewa, "Baba, buɗe baki ta ga haƙoranka."

Dariyar ta tsaya cak. Baba ya kama hannuna ya sauke shi daga fuskarsa a hankali.

"Ni ba rago ba ne," ya ce. "Mu je gida."

Malamar ta ji tausayi, ta ce mu dawo in furfura ta fito. Muka koma Shango. Washegari ya kira wanzami aka aske komai, muka zauna jiran gashi. Ban taɓa ƙosawa da ganin tsufan mutum kamar lokacin ba. Kullum kafin in tafi aiki sai na leƙa haɓarsa.

Da gemun ya tsiro muka koma, muka tarar an kwashe tebur. An rufe rajista, wai sai an sake buɗewa. Ba a sake ba. Kafin in haɗa abin da za a yi aikin, idon ya tafi, aka lulluɓe keken ɗinki da zane.

Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Wata rana ina zaune kusa da shi ya shafa gemunsa ya ce, "Malam Akawu, duba mini. Ya yi fari sosai yanzu?"

Na ce ya yi, Baba.

Tun daga nan na koyi cewa in za ka kai mabukaci gaban hukuma, ka kai shi yadda Allah ya bar shi. Ni na tsaya gyara abin da mutane za su gani, shi kuwa ya rasa ganin.