Goron Turai

Ko da tsufa zai kwashe min komai a ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo neman auren 'yata Rukayya ba.

Ni masinja ne a wata makarantar koyon aikin gona. Na yi furfura ina ɗaukar fayil, yaran da aka haifa a gabana suna aikena sayo ruwan leda (a aji uku na sakandare na tsaya, kuma ba laifina ba ne, amma bar wannan zancen). Ogana, wanda muke kira Dakta, ya je taro Turai ya dawo da jaka cike da wasu 'ya'yan itace masu sheƙi, kowanne da 'yar hularsa a ka. Ya nuna wa ɗalibai, ya miƙo min sauran ya ce, "Malam, a zubar."

A zubar? Abin da ya hau jirgin sama, ni ban taɓa hawa ba? Na rungume jakar a cikin bas, ta Kwangila, har gidana a Tudun Wada.

A makon ne iyayen saurayin Rukayya za su zo. 'Yan kasuwa ne daga unguwar Gyallesu, masu hali, yarinyar kuma tana son yaron kamar ranta. Tsorona ɗaya: su ga zaurena da tsohuwar tabarmata su fasa. Na ce matata ta soya abin a yashi kamar gyaɗa.

"Malam, ka ɗanɗana kuwa?" in ji ta.

Na ce, "Ke dai soya. Kayan Turai sai an ɗanɗana?"

A al'ada yayana ne zai karɓi baƙi, ni in ɓuya. Na ƙi. Har Dakta na gayyata, don su san ina da manya.

Aka zauna, aka gaisa, na turo faranti. "Goron Turai ne, Alhaji. Bismillah."

Alhaji, baffan yaron, ya damƙa ya watsa a baki. Na ga fuskarsa ta tattare kamar bakin jaka. Ya tauna, ya tauna, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Masha Allah. Akwai ƙarfi." Sauran ma suka ɗiba don kunya. Ni kuwa sai ƙara tura farantin nake.

Sai ga Dakta ya yi sallama. Yana ganin farantin ya washe baki. "A'a! Ashe ba ka zubar ba?"

Alhaji ya ce, "Dakta, su can da shayi suke cinsa ne?"

"Ai aladu ake ba, Alhaji."

Na taka masa ƙafa. Ina! Ɗan boko in ya samu masu sauraro, ko gobara ba ta tsai da shi. Ya ce in 'ya'yan sun zubo sai a saki aladu a gindin bishiyar su yi ta ci. Wai akwai mai da gari a ciki, nan da nan sai dabba ta yi ƙiba, namanta ya yi tsada. Ɗacin da ke cikinsa kuwa, wai mutum sai ya jiƙa shi ya tsiyaye, amma alade ko a jikinsa.

Yayana ya ƙura wa rufi ido. Daga cikin gida na ji kwano ya faɗi, na san Rukayya ce ke laɓe. Na ce a raina shi ke nan, na kashe wa yarinya aure da hannuna.

Alhaji ya goge baki da hankici a hankali. "Dakta, aladen nan suna cin masara?"

"Sosai ma."

"To, mun daina cin tuwo ne?" Sai ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. "Amma tsakani da Allah, Malam, aladen Turai akwai haƙuri!"

Kowa ya kwashe, har yayana. Da dariya ta lafa, Alhaji ya ce, "Mutumin da ya fito mana da abin da ya fi ɗauka da daraja a gidansa, ba a ƙin jininsa. Muna son 'ya. A kawo goron gaske mu wanke baki."

An yi biki, Rukayya har ta haihu. Amma duk sanda na je Gyallesu, sai Alhaji ya shafa cikinsa ya ce, "Suruki, har yanzu fa ban ga ƙibar ba."

Abin da na koya? In oga ya ce ka zubar, tambayi wa ke ci kafin ka kai gida. In kuwa matarka ta ce ka ɗanɗana, malam, ɗanɗana.