Carbin da Na Gyara wa Rakiya

Ranar da 'yata Rakiya za ta gabatar da aikinta a jami'a, ta fita sayen takarda da safe, ta bar wani dogon zaren duwatsu a kan tabarma. Ja, fari, kore da shuɗi ne, duk a cakuɗe ba tsari. Tausayi ya kama ni. Na ce Allah sarki, yarinya ta kama ibada har tana haɗa carbi da hannunta, iyawa ce kawai babu.

Na yi bisimilla na sa almakashi. Na ware launi-launi, na jera talatin da uku sau uku, har da tuntu. Ni da na yi sakandare, wannan zai gagare ni?

Tana dawowa ta ɗora hannu a ka. "Maman! Ina gène ɗina?"

Ashe gène ƙwayar gado ce, duwatsun kuma haruffanta ne, kowane uku kalma ɗaya. Mako biyu ta yi tana sauya kalmomin zuwa waɗanda yis ɗin burodi ya fi sabawa da su, don ta nuna yadda ake sa shi ya yi insulin, maganin ciwon suga.

Haka ta hau zemijan, babur ɗin haya, da carbin a jaka, tana hawaye, ni kuma ina salati. A allo ta yi bayaninta, ta ci da ƙyar.

Har yau in na ɗauko carbi bayan sallah, sai babanta ya gyara murya: "Hajiya, ja a hankali, kada insulin ya zubo."