Harshen da Kaka Malis ta Binne

Matso kusa, gyara zama, ka ji yadda aka kwashe tsakanin Kosal da kakarsa a garin Battambang. Kosal matuƙin keken haya ne, shekararsa talatin da huɗu. Ya shiga ajin koyon Faransanci don ya samu takardar zagayawa da baƙi masu yawon buɗe ido. Ran Asabar za a yi jarrabawar baka, shi kuwa ran Laraba ya dawo da niyyar ajiye karatun. Ya tarar da Kaka Malis a inuwar ƙarƙashin gidansu da ke bisa dirkoki tana tsintar shinkafa a faifai.

"Sannu da gida, tsohuwar da mutuwa ta manta."

"Yawwa, Bafaranshen bakin kasuwa. Ina ganyen taunawar da na aike ka?"

"Da wane haƙori za ki tauna?"

"Da wanda na tauna wa uwarka shinkafa. Ka manta ke nan, mai kan kwakwa, ruwa zalla a ciki."

Kosal ya yar da littafinsa, ya zauna.

"Na daina zuwa, Kaka. Yau malama ta ce in tashi in faɗi sunana da sana'ata. Wata uku ina haddar wannan. Na buɗe baki, shiru. 'Yan matan da na kusa haifa suna ta ƙunshe dariya."

"Ashe akwai mai iya rufe maka baki! Gobe zan kai wa malamar nan kifi."

"Ke me kika sani? Ko sunanki ba ki iya rubutawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Wa ya ce maka kai icce ne? Ciyawa ce kai, iska kaɗan ka kwanta."

Sai ta ajiye faifan. Ta dubi hanya dama da hagu, ta rage murya, ta faɗi sunanta da Faransanci, sumul, ta ƙara da cewa ita malamar makaranta ce. Wannan kam Kosal ya gane shi duka.

"Kaka! Ke ce?"

"Yi a hankali. Zamanin mulkin sojojin nan masu baƙaƙen kaya, duk wanda ya nuna yana jin harshen nan ya haƙa kabarinsa. Ran nan muna gona, ɗayansu ya gaishe mu da shi, don gwaji. Ladabi ya sa kakanka ya amsa. Kafin rana ta faɗi suka tafi da shi. Ni kuwa na saki baki kamar saniya. Daga ranar na binne harshen, na binne alƙalami."

Kosal ya goge ido da gefen rigarsa.

"Wato shekara arba'in da wani abu kina wauta da gangan."

"Ni da wahala na koyi tawa. Kai kyauta aka ba ka. Tsoron mutuwa ne ya rufe min baki, kai kuma dariyar 'yan mata. Tashi tsaye, ja'iri, faɗi sunanka."

Ya miƙe, ya faɗa.

"Ka karya wa harshen ƙafa, amma dai ya fito. Sake."

Sai da ya sake sau bakwai, sannan dariya ta ƙwace masa.

"Na bi, Malama. Ran Asabar da ni za a yi. Bari in sayo miki ganyen, ladan makaranta."

"Mai taushi, ka ji? Haƙoran nan ba su da yawa."

To, kai da ka zauna ka ji, cikin su biyun nan wa ya buɗe wa wani baki?